Yadda Ake Tuƙa Mota a Kan Ƙanƙara Ba Tare da Ta Ƙwace Ba

Shekarar farko da na yi tuƙi a ƙasar da dusar ƙanƙara ke sauka, na shiga hunturu da tayoyin da na yi rani da su. Na daɗe ina tuƙi kafin lokacin, ban taɓa goga wa kowa mota ba, saboda haka ban ga abin da sanyi zai koya min ba. Wata safiya ina hanyar zuwa aiki, guduna bai kai kilomita 40 a awa ba, na hau wata 'yar gada mai kwana a ƙarshenta. Titin baƙi ƙirin, yana ɗan sheƙi kamar an yi yayyafi. Na taɓa birki ina murɗa sitiyari, sai na ji sitiyarin ya yi sakayau a hannuna kamar an zare shi daga jikin motar. Ƙarar tayoyi ta ɗauke ɗif. Motar ta miƙe, ta ƙi bin kwanar, har sai da ta soka hanci cikin tarin dusar da aka ture gefen hanya. Allah ya sa babu mota a gabana, babu kuma mai tafiya a ƙasa. Na daɗe zaune hannuna na rawa, ina tunanin da a ce yaro ne ke tsaye a wurin da tarin dusar nan yake.

Wani dattijo da muke aiki tare, wanda ya tsufa yana tuƙi a irin wannan yanayi, shi ya ja ni ranar hutu zuwa wani filin ajiye motoci da babu kowa a ciki. Kafin mu shiga mota ya buɗe tafin hannunsa ya ce min, ɗana, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai fi wannan ba. Tafin hannu huɗu ke riƙe da mota, da direba, da duk wanda ya ɗauko. A busasshen titi riƙon yana da yawa har mutum ya manta da shi: ka taka birki kana tsakiyar kwana, taya ta yi haƙuri ta ɗauke maka duka biyun. A kan ƙanƙara kuwa ɗan abin da ya rage ba ya isar aiki biyu. In ka ƙarar da shi a birki, babu na kwana. In ka ƙarar da shi a kwana, babu na totur. Abin da ya same ni a gadar ke nan: na nemi taya ta tsayar da ni kuma ta juya ni a lokaci guda, sai ta saki duka biyun.

Duk abin da zan faɗa daga nan reshe ne na wannan. Birki, sitiyari da totur, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a hankali.

Tayoyi tukuna

Ba a fafe gora ranar tafiya. Robar tayar rani tana fara taurara idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Selshiyos, kuma roba mai tauri ba ta kama titi, ko da dusa ba ta sauka ba. Tayar hunturu an haɗa robarta ta yadda za ta zauna da laushi cikin sanyi, kuma jikinta cike yake da ƙananan tsage-tsage masu cizon dusa da ƙanƙara. Yadda za ka gane ta: duba gefenta, za ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a cikinsa. Wannan alama tana nufin an gwada tayar a kan dusa ta ci jarrabawa. Haruffan M+S da ake rubutawa a jikin wasu tayoyi, ma'ana taɓo da dusa, su kaɗai ba su kai nan ba. A Jamus, tun daga watan Oktoba na 2024, alamar dutsen ce kawai doka ta yarda da ita idan hanya ta yi ƙanƙara. A lardin Kebek na Kanada wajibi ne a sa tayar hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Siwidin daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris idan hanya na cikin yanayin hunturu, kuma zurfin zanen tayar kada ya gaza milimita 3. Kowace ƙasa da dokarta, ka nemi ta inda kake tun kafin sanyi ya shigo.

Ka sa huɗu, kada ka sa biyu. Na san abin da ke sa mutum ya yi tunanin biyu sun isa, aljihu ne, kuma ban raina wannan ba. Amma motar da gabanta ke kama titi bayanta na zamewa, ita ce ke juyawa da mutum ya tsinci kansa yana kallon inda ya fito. Zurfin zane ma abin dubawa ne. A Turai mafi ƙarancin da doka ta yarda shi ne milimita 1.6, amma wannan na busasshen titi ne. A dusa, ni ba na hawa tayar da ta sauka ƙasa da milimita 4. Iskar taya kuma tana raguwa da kanta yayin da sanyi ke ƙaruwa, don haka ka riƙa aunawa, da safe kafin mota ta yi tafiya.

Akwai wani ruɗi da nake so in kawar tun a nan. Masu manyan motoci da injin ke jan tayoyinsu huɗu sukan ɗauka sun tsira. Jan taya huɗu yana taimaka maka ka tashi daga tsaye, ka hau tudu. Ba ya ƙara maka komai wajen tsayawa, domin kowace mota da taya huɗu take yin birki. Ƙari ma, da yake motar na tashi ba wahala, direba ba ya jin irin santsin da ke ƙarƙashinsa sai lokacin da ya buƙaci tsayawa.

Sauran shirin ba ya buƙatar dogon bayani. Sanyi yana rage ƙarfin batir, kuma baƙin mai yana yin kauri, don haka batirin da ke jan ƙafa da kaka zai kwanta da hunturu. A gwada shi. Ruwan lagireto ya zama mai maganin daskarewa, rabi da rabi da ruwa yana jurewa har wajen digiri 35 ƙasa da sifili. Ruwan wanke gilashi ma na hunturu za ka zuba, domin ruwa zalla yana daskarewa a cikin tankin, ko ya daskare a kan gilashin kana cikin tafiya. Kada tankin mai ya sauka ƙasa da rabi. Mai motar lantarki ya sani cajinsa ba zai kai shi inda yake kai shi da rani ba. A bayan mota kuma a ajiye ƙaramin shebur, da abin kankare gilashi, da bargo, da safar hannu, da tocila, da wayar tayar da batir, da abin cajin waya, da ruwan sha, da ɗan buhun yashi.

Kafin ka tayar

Ka tashi da wuri ka share motar gaba ɗaya. Ba wai ka kankare 'yar taga daidai fuskarka ka kama hanya ba. Gilashin gaba, na baya, na gefe, madubai, fitilu, lamba, da rufin mota. Rufin nan mutane ke yi wa kasala, alhali dusar da ke kai idan cikin mota ya ɗumama takan sulɓo ta rufe maka gilashi a birkin farko, ko iska ta ɗauke ta ta maka wa na bayanka. Kada ka zuba wa daskararren gilashi ruwan zafi, yana iya tsagewa. Kunna hita ka juya iskar ga gilashi, ka haɗa da na'urar sanyaya mota, ita ce ke tsane danshin da ke sa gilashi yin hazo daga ciki. Ka tabbatar waifa ba ta manne da gilashi ba kafin ka kunna ta.

Ka karkaɗe dusar da ke tafin takalminka, domin jiƙaƙƙen takalmi yana zamewa daga kan birki. In akwai yaro a kujerarsa ta mota, a cire masa rigar sanyi mai kauri kafin a ɗaure shi, sai a lulluɓa masa bargo a kai. Rigar tana sa a ga kamar bel ya kama, amma in aka yi karo sai ta lotse, yaron ya samu sararin da zai fita.

Ka kunna fitila da hannunka ko da rana tsaka ce. Motoci da yawa suna da fitilar rana da ke haska gaba kawai, bayansu duhu, direba yana tafiya cikin dusa na baya ba ya ganinsa. Idan dusa na sauka da dare, gajeriyar fitila ta fi doguwa, domin doguwar tana bugun dusar ta dawo maka a ido kamar farin bango.

A kan hanya

Tashi a hankali. Mai motar manuwal ya tashi da giya ta biyu, ya saki kuloci sannu sannu, totur kaɗan. Wasu motocin atomatik suna da maɓallin dusa da ke yin wannan aikin. In ka ji taya na juyawa a banza, ɗaga ƙafa. Ƙarin totur ba ya komai sai goge dusar ta zama ƙanƙara mai sheƙi a ƙarƙashinka. Da ka fito kan miƙaƙƙen layi, babu kowa gaba da baya, kana tafiya kamar ta mai keke, ka ɗan taka birki ka ji yadda ƙasa take. Wannan gwaji na daƙiƙa biyu yana gaya maka abin da hasashen yanayi ba zai gaya maka ba. Ba na fita da hunturu ban yi shi ba.

Sai tazara. Dokokin hanya na Birtaniya sun ce nisan da mota ke buƙata ta tsaya a kan ƙanƙara yana iya ninka na busasshen titi har sau goma. Ka ƙara da wannan: in ka ninka gudu sau biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkuwa, ba sau biyu ba. Wato bambancin kilomita 30 da 60 a awa ya fi yadda ido ke gani nesa ba kusa ba. Yadda nake auna tazara, ina zaɓar wani allo ko sanda a gefen hanya, in motar gabana ta wuce shi sai in fara ƙirga. A busasshen titi daƙiƙa 2 zuwa 3 sun isa. A dusa ina so in kai 8 ko 10 kafin in iso wurin. Wani zai shigo ya cike gurbin, babu makawa. Ka ja baya ka sake buɗe wani. Wanda ya manne maka a baya yana ƙifta fitila kuma, kada ka bari ya tuƙa maka mota. Ka sami wuri mai kyau ka ba shi hanya. Lambar gudun da ke jikin allo ta ranar da titi ya bushe ce.

Birki ana gama shi kafin kwana, tun tayoyi suna miƙe. Ka rage gudun da za ka rage, ka ɗaga ƙafa, sannan ka murɗa sitiyari a hankali ba fizga ba, ka bari sai motar ta fara miƙewa kafin ka koma kan totur. A mahaɗar titi da gaban fitilar ba da hannu ka fara rage gudu tun daga nesa, domin wuraren nan ne tayoyin dubban motoci suka goge har suka zama kamar madubi. Ka kashe na'urar da ke riƙe wa mota gudu ba tare da ka taka totur ba. In taya ta zame, kana so ƙafarka ce za ta fara sani.

In tsayawar gaggawa ta kama, kusan duk motocin zamani suna da ABS, wato na'urar hana taya kullewa idan an taka birki. Taka birki da ƙarfi ka riƙe. Za ka ji yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka yana gurnani kamar wani abu ya karye. Babu abin da ya karye, na'urar ce ke kamawa tana saki sau da yawa a daƙiƙa ɗaya don kada taya ta kulle. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su tsorata su ɗaga ƙafa. Ka riƙe, kana juya sitiyari zuwa inda babu cikas. ABS ba ya rage nisan tsayawa a kan dusa, wani lokaci ma yakan ƙara shi. Amfaninsa shi ne ya bar maka sitiyari. In tsohuwar mota ce marar ABS, ka taka har ka ji taya na shirin kullewa, ka ɗan saki, ka sake takawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba farar dusa ba ce. Ita kowa na ganinta, kowa na rage gudu. Siririyar ƙanƙarar da ke kwanciya a kan kwalta ba launi, wadda ake ce wa baƙar ƙanƙara, ita ce ta yaudare ni a gadar nan. Gada tana riga titi daskarewa domin iska mai sanyi na ratsa ta sama da ƙasa, babu ƙasar da za ta ba ta ɗumi. Haka inuwar itatuwa da ta dogayen gine-gine, da bakin ramin ƙarƙashin ƙasa, da gefen kogi, da duk inda dusa ta narke da rana ruwan ya sake daskarewa da magariba. Alamominta: titi na sheƙi amma tayoyin motar gabanka ba sa feso ruwa, ƙarar tayoyinka ta yi shiru, sitiyari ya yi sauƙi. Motoci da yawa suna nuna hoton ƙwayar dusa a gaban direba idan sanyin waje ya kai digiri 3 ko 4. Ba ado ba ne. Iska na iya kasancewa sama da sifili alhali kwalta ta riga ta daskare. Kuma ƙanƙara ta fi santsi a kusa da sifili, lokacin da ɗan ruwa ke kwance a samanta, fiye da ranar da sanyi ya tsananta. Gishirin da ake watsawa a titi yana taimakawa, amma ƙarfinsa na raguwa sosai in aka doshi digiri 10 ƙasa da sifili.

Motar share dusa in ka tarar da ita, ka bi bayanta da tazara. Hanyar da ke bayanta ta fi wadda ke gabanta.

Idan ta zame

Iri biyu ne. In gaba ne ya zame, ka murɗa sitiyari amma mota ta miƙe, zuciyarka za ta ce ka ƙara murɗawa. Kada ka yi. Ɗaga ƙafa daga totur, ka ɗan mayar da sitiyarin kaɗan har tayoyin gaba su sake kama ƙasa, sannan ka juya a hankali. In baya ne ya fita, ɗuwawun motar ya nufi dama misali, ka juya sitiyari zuwa dama, wato inda kake so hancin motar ya koma, ba tare da ka danna birki ba. Da ka ji ta fara dawowa ka miƙe sitiyarin da wuri, in ba haka ba za ta wulla ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko.

A duka biyun ido ne jagora. Hannu yana bin ido. In ka zuba wa bishiya ido, bishiyar za ka samu. Kalli sararin da kake so ka bi. Dattijon nan sai da ya sa na maimaita wannan a filin har hannuna ya fara yi kafin tunanina ya iso, kuma shi ya sa nake roƙon duk sabon shiga: dusar farko da ta sauka, ka nemi fili marar sanduna marar mutane, ka taka birki da ƙarfi a ƙaramin gudu, ka ji karkarwar ABS, ka ji yadda zamewa take. Kada ranar haɗari ta zama ranar da ka fara jinta. Na'urar daidaita mota idan ta fara zamewa, wadda ta zama wajibi ga sababbin motoci a Tarayyar Turai tun 2014, tana taimakawa ƙwarai. In ka ga fitilarta mai hoton mota da karkatattun layuka biyu tana ƙiftawa, tana gaya maka gudunka ya fi ƙarfin hanyar.

Tudu ana hawansa da ɗan ƙarfin da ka taro daga ƙasa, da totur daidai ba ƙari ba ragi. Ka jira na gabanka ya kai sama kafin ka fara, domin tsayawa a tsakiya ita ce matsala. Gangara kuma ka rage gudu tun kana sama, ka sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar, birki kaɗan kaɗan. A hanyoyin duwatsu inda ake buƙatar sarƙar da ake naɗa wa taya don ta kama dusa, ana sa ta a tayoyin da injin ke ja, ba a wuce kilomita 50 a awa da ita, kuma ana cire ta da an dawo kan kwalta. Ka koyi ɗaura ta a gida da rana, ba a gefen hanya da daskararrun yatsu ba.

In ka maƙale, miƙe sitiyari, haƙe dusar da ke gaban tayoyi da bayansu, zuba yashi ko ka shimfiɗa tabarmar ƙafa ta mota, ka riƙa yin gaba kaɗan ribas kaɗan har ta samu ta fita. A nan ne kawai kashe na'urar hana taya juyawa a banza ke da amfani. Da ka fita ka mayar da ita.

In kuwa guguwar dusa ta tsare ka babu fita, zauna cikin motarka. Ita ce mafakarka, kuma ta fi mutum sauƙin gani ga masu ceto. Kunna fitilar haɗari, kira agaji. Kafin ka kunna inji don ɗumi, fita ka duba bakin salansa ka share dusar da ta toshe shi. Wannan batu ne na rai da mutuwa. In salansa ta toshe, iskar kabon monoksaid tana dawowa cikin mota, ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai ya ji ciwon kai da barci, ya kwanta bai tashi ba. Kunna injin kamar minti 10 a kowace awa, ka ɗan sauke gilashi kaɗan, ka sake duba salansar kowane lokaci.

Akwai kuma ranakun da ba na fita ko kaɗan. Idan aka yi hasashen ruwan sama mai daskarewa da ya taɓa ƙasa, wanda ke lulluɓe titi da gilashi da komai, ina ɗaga waya in ɗage tafiyar, ko ta mece ce. Babu tayar da na yarda da ita a ranar. In tafiyar doguwa ce kuma yanayi ya yarda, ina gaya wa wani hanyar da zan bi da lokacin da nake sa ran isa.

Da ka isa lafiya, ka yi wa safiyar gobe tanadi. Ka ajiye motar inda ba sai ka hau tudu za ka fita ba, hancinta na kallon hanya. In ta jiƙe kuma dare zai yi tsananin sanyi, hambirki na iya daskarewa ya ƙi saki, don haka a shimfiɗaɗɗen wuri gara ka bar ta cikin giya. Ka ɗaga waifa daga jikin gilashi, ka ɗauki abin kankarar ka shiga da shi gida, domin in ƙofar mota ta daskare da safe, wanda ke kulle a ciki ba zai yi maka amfani ba.